Ku Tambaya Mu Amsa: Faifan "Scenery" na Ryo Fukui da Makaɗan da Suka Yi Shi

A wannan fitowa mun ware filin gaba ɗaya domin faifai guda, saboda wasiƙun da suka iso mana a kansa sun taru, kuma kowace da ɓangaren da ta kama. Mun taƙaita tambayoyin domin wuri ya isa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin karatu na kunna kiɗa a YouTube, sai manhajar ta jefo mini wani faifai mai suna Scenery na wani mutumin Japan, Ryo Fukui. Na saurare shi daga farko har ƙarshe ina jiran mawaƙi ya shigo, amma shiru. Wane ne wannan mutumi, su wa suka taya shi, kuma me ya sa babu murya?
— Wani ɗalibin jami'a

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ko da ka kwana kana jira mawaƙi ba zai shigo ba, domin faifan na kiɗa ne zalla, kuma mutum uku ne kacal suka yi shi. Ryo Fukui ne a kan fiyano, Satoshi Denpo yana riƙe da bes, wato ƙaton abin kiɗan nan na katako mai tsirkiya huɗu wanda ake kaɗawa a tsaye, sai Yoshinori Fukui a kan ganguna, wanda kada a ruɗe shi da mai fiyanon saboda sunan Fukui da suka haɗa. Wannan haɗi na fiyano da bes da ganguna yana daga cikin sanannun tsare-tsaren kiɗan jaz, kuma a cikinsa fiyano ne ke tsayawa a gurbin mawaƙi, shi ke rera karin waƙar, shi ke jan ta inda ya ga dama, sauran biyun suna riƙe masa ƙasa suna kuma amsa masa.

An haifi Ryo Fukui a ranar 1 ga Yuni, 1948, a garin Biratori da ke tsibirin Hokkaido, can kurewar arewacin Japan inda dusar ƙanƙara ke daɗewa a ƙasa. Abin da ya sa labarinsa ke jan hankalin mutane shi ne makararsa wajen fara sana'ar. Yawancin ƙwararrun masu fiyano tun suna yara ƙanana ake zaunar da su a gaban malami, amma shi sai da ya kai shekara 18 ya ɗauki akodiyon, wato abin kiɗan da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsewa, bai kuma sa hannu a fiyano da gaske ba sai yana ɗan shekara 22, sannan shi ya koya wa kansa. Ya tafi Tokiyo neman ilimin kiɗan, inda ya haɗu da Hidehiko Matsumoto, fitaccen mai busa saksafon, wani abin busa na ƙarfe, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa. Bayan haka ya koma arewa, ya yi zamansa a Sapporo, babban birnin Hokkaido, kuma a can ne, a zauren Yamaha, aka ɗauki Scenery a 1976, ya fito ta hannun kamfanin Trio. Idan ka yi lissafi za ka ga shekara shida ce kawai tsakanin ranar da ya fara lalubar fiyano da ranar da ya zauna aka naɗi faifansa na farko, yana da shekara 28.

Faifan yana da kiɗa shida, uku a kowace fuskar faifan roba, kuma duka bai wuce kimanin minti 40 ba. Wanda ya fi shahara shi ne na uku, "Early Summer", wanda ya haura minti 10. Ina ba ka shawara ka sake jin sa, amma wannan karon ka rufe littafin da kake karantawa. Za ka ji ya fara a natse, hannun hagu na Fukui yana maimaita wani ɗan gajeren sauti yayin da na dama ke yawo a sama, daga nan zafin kiɗan ya riƙa ƙaruwa da kaɗan-kaɗan har ya ɓarke da gudu, mai ganga ya samu fili ya baje kolinsa shi kaɗai, kafin su ukun su sake haɗuwa su sauke kiɗan a inda suka ɗauko shi. Wanda ya ji wannan da kunnen basira ba zai ƙara cigiyar mawaƙi ba.

Tambaya: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na ɗauka zan ji kiɗan gargajiyar Japan, sai na ji abin da ya yi kama da na Amurkawa. Yaya aka yi jaz ya je Japan har ya zauna da gindinsa?
— Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, kunnenki bai yaudare ki ba. Babu kayan kiɗan gargajiyar Japan ko ɗaya a cikin Scenery, kuma Fukui bai yi ƙoƙarin cusa karin gargajiya a ciki ba. Jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma abin da kika ji shi ne mutanen Hokkaido suna yin wannan kiɗa bisa ƙa'idojinsa na asali.

Shigarsa Japan ta daɗe. Tun a shekarun 1920 jiragen ruwa masu zirga-zirga a tekun Pasifik suke kawo faya-fayai da makaɗa zuwa biranen gaɓa irin su Kobe da Yokohama, aka buɗe gidajen rawa a Osaka da Tokiyo, aka kuma samu makaɗa 'yan ƙasa irin su Fumio Nanri mai busa ƙaho. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi sai hukuma ta ɗauki jaz a matsayin kiɗan abokan gaba, har a 1943 ta fitar da jerin faya-fayen Amurka da Ingila da ta haramta. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin Amurka suka mamaye ƙasar har zuwa 1952, kuma gidajen shaƙatawar sansanoninsu suna buƙatar makaɗa kowane dare. Matasan Japan da yawa, a lokacin da aiki ya yi wuya, a nan suka samu abin sakawa a bakin salati, a nan kuma suka koyi sana'ar kai tsaye daga masu ita.

Daga wannan zamani ne manya suka fito. Toshiko Akiyoshi, mace mai fiyano, Oscar Peterson, shahararren mai fiyano ɗan Kanada, shi ne ya ji kiɗanta a Tokiyo a 1953 ya yi mata hanya aka ɗauki faifanta, sannan a 1956 ta tafi makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston. Sadao Watanabe mai saksafon ya bi sahunta zuwa wannan makaranta a 1962. A watan Janairun 1961 kuma Art Blakey, shahararren mai gangan Amurka, ya kai ziyara Japan da ƙungiyarsa, aka yi masa tarba irin ta manyan baƙi, kuma masu tarihin kiɗa suna ɗaukar wannan ziyara a matsayin abin da ya kai jaz gidajen talakawan ƙasar.

Akwai wani abu guda da ya samo asali a Japan, wanda in ba a fahimce shi ba da wuya a gane yadda mutum kamar Fukui zai koyi jaz ba tare da malami ba. Ana kiransa jaz kissa, wato shagon shan gahawa da aka buɗe musamman domin sauraron faifai. Daga 1949 zuwa 1971 dalar Amurka ɗaya tana daidai da yen 360 na kuɗin Japan, saboda haka faifan da aka shigo da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci. Sai mai shago ya tara faya-fayai ɗaruruwa ko dubbai, ya sayi manyan lasifikoki masu kyau, mutum ya shigo ya biya kuɗin kofi ɗaya ya zauna sa'o'i yana saurare. A wasu shagunan an hana hira kwata-kwata, wanda yake son a sa masa wani faifai sai ya rubuta a takarda ya miƙa. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne Chigusa na Yokohama, wanda aka buɗe a 1933, kuma Akiyoshi da Watanabe duk sun zauna a cikinsa suna ƙuruciya. Ƙasar da ta tarbiyyantar da jama'arta a kan irin wannan saurare ba abin mamaki ba ne ta fitar da makaɗin da kunnensa ne makarantarsa. A ƙara da mujallar Swing Journal, wadda ta fara fita a 1947 ta kuma yi fiye da shekara 60 tana sharhi a kan jaz, da kamfanonin haɗa kayan sauti da ke gasar ingancin ɗauka. Shi kansa kamfanin Trio da ya fitar da Scenery reshe ne na masu ƙera rediyo da na'urorin sauti, waɗanda daga baya duniya ta san su da sunan Kenwood.

Tambaya: Ɗana ne ya dame ni da wannan faifai. Da na bincika sai na ga kiɗa ɗaya tak ne Fukui ya tsara da kansa, sauran biyar na wasu ne. A ganina wannan hawan ƙawara ne a kan guminsu. Kuma ina zargin intanet ce kawai ta kambama shi. Mene ne gaskiyar magana?
— Wani dattijo, tsohon malamin makaranta

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Lissafinku daidai ne. Na ƙarshe, wanda aka sa wa faifan sunansa, shi kaɗai ne na Fukui. "Early Summer" na Hideo Ichikawa ne, wani mai fiyano ɗan Japan. Sauran huɗun tsofaffin waƙoƙi ne da duk makaɗin jaz ya haddace: "It Could Happen to You" ta Jimmy Van Heusen, "I Want to Talk About You" ta Billy Eckstine, "Willow Weep for Me" wadda Ann Ronell ta tsara a 1932, da "Autumn Leaves" wadda Joseph Kosma ya tsara a Faransa a shekarun 1940. Sai dai a nan zan ɗan saɓa muku cikin ladabi, domin a al'adar jaz wannan ba sata ba ce. Ana rubuta sunan mai waƙar a jikin faifan, haƙƙinsa yana nan a matsayinsa na wanda ya tsara ta, kuma ba a auna makaɗi da yawan waƙoƙin da ya ƙirƙira, ana auna shi da abin da ya yi da waƙar da kowa ya sani.

Ga yadda abin yake tafiya. Yawancin waɗannan waƙoƙi suna da tsawon gaɓa 32, kowace gaɓa tana ɗauke da 'yan bugu ƙidayayyu, kuma a ƙarƙashin karin da ake rerawa akwai jerin sautuka masu tafiya tare, waɗanda su ne ƙashin bayan waƙar. Makaɗan za su fara kaɗa karin sau ɗaya yadda aka san shi, domin mai saurare ya gane inda aka dosa. Daga nan sai a ajiye karin, a bar ƙashin bayan yana zagayawa, gaɓa 32 bayan gaɓa 32, mai fiyano yana ƙirƙiro sabon kari a kai nan take, ba daga takarda ba. Mai bes yana taka sauti ɗaya a kowane bugu, abin da makaɗa ke kira tafiya, domin ya nuna wa kowa inda aka kai a cikin zagayen. Mai ganga yana riƙe lokaci da farantin tagulla a hannun dama, yana kuma jefa ƙananan amsoshi da hagu. Idan an gama sai a koma kan karin farko a rufe. Abin ya yi kama da karin magana, wanda ba mallakar kowa ba ne, amma a bakin gwani yake yin armashi, domin shi ya san inda zai ajiye shi.

Ku gwada da "Autumn Leaves", wadda aka ɗauka sau ba adadi, galibi a hankali cikin yanayin kewa. Su Fukui sun ba ta kuzari, suka sa mata gabatarwa tasu, har mutum ya ɗan jima kafin ya gane wace waƙa ce. Ku kuma ji yadda faifan ya buɗe, fiyano shi kaɗai yana lalube kamar mai tunanin abin da zai faɗa, sai bes da ganguna su faɗo tare a lokaci guda, kiɗan ya miƙe. Irin wannan shigowa ba ta samuwa sai ga mutanen da suka saba da juna suke kuma sauraron juna, kuma a ganina nan ne darajar faifan take. Ana yawan ambaton Fukui shi kaɗai, amma da Denpo bai riƙe ƙasa da nauyin hannu irin nasa ba, da gudun da ake yi a "Early Summer" ya watse.

Batun intanet kuwa, kuna da rabin gaskiya. Lokacin da Scenery ya fito bai yi wani tashe ba. A 1976 hankalin duniyar jaz ya karkata ga kayan kiɗa masu amfani da lantarki, bayan hanyar da Miles Davis mai busa ƙaho ya buɗe da kuma nasarar da Herbie Hancock mai fiyano ya samu a 1973, saboda haka mutum uku daga Sapporo masu kaɗa tsofaffin waƙoƙi da kayan katako sun zama kamar 'yan jiya. Faifan ya yi shekaru kusan 40 ba wanda ya san shi sai masu tara faya-fayai, har aka ɗora shi a YouTube a tsakiyar shekarun 2010, tsarin manhajar ya riƙa tura shi ga mutanen da ba su neme shi ba, miliyoyi suka saurara. Wannan sa'a ce, babu musu. Amma manhaja tana iya kai faifai gaban mutum ne kawai, ba ta iya tilasta masa ya zauna minti 40, balle ya dawo gobe.

Inda zan goyi bayanku shi ne a kan masu cewa wannan ne faifan jaz mafi girma da Japan ta taɓa fitarwa. Wannan zuzutawa ce ta wanda bai ji sauran ba. Fukui bai kawo sabon salo ba, kuma mai kunne zai ji tasirin manyan Amurka irin su Bill Evans da McCoy Tyner a hannunsa, zai kuma ji wuraren da hannun ya yi nauyi fiye da kima, alamar mutumin da bai daɗe da farawa ba. Akiyoshi ta fi shi zurfin tsara kiɗa nesa ba kusa ba, Yosuke Yamashita, wani mai fiyanon Japan, ya fi shi ƙarfin hali wajen karya ƙa'ida. Abin da Scenery yake da shi shi ne gaskiya da sauƙin shiga zuciya. Ba ya tsorata baƙo, ba ya kuma raina masani, shi ya sa ya zama faifan jaz na farko ga ɗimbin matasa irin ɗanku.

Tambaya: Shin yana raye? Ya ci moriyar wannan suna da ya yi? Kuma me zan saurara bayan wannan?
— Wani mai sha'awar kiɗa

Amsa: Malam, Ryo Fukui ya rasu a ranar 15 ga Maris, 2016, sakamakon cutar daji, yana da shekara 67, wato daidai lokacin da sunansa ya fara zagaya duniya, don haka mafi yawan wannan ɗaukaka a bayan ransa ta zo. Amma kada a ɗauka ya yi rayuwar wanda aka manta. A 1995 shi da matarsa suka buɗe gidan kiɗa mai suna Slowboat a Sapporo, inda ya riƙa kaɗawa a kai a kai yana kuma renon matasan makaɗa, kuma a 2012 birnin ya karrama shi da lambar yabo ta al'adu. Ya ƙulla zumunci da Barry Harris, mai fiyano ɗan Detroit ta Amurka wanda ya shahara da koyar da bibop, wani salon jaz mai sauri da sarƙaƙiya, ya ɗauke shi a matsayin malaminsa, har Harris ya je Slowboat ya yi kiɗa.

Faya-fayensa ba su da yawa, saboda haka ba za ka sha wahalar bin su ba. Ka fara da Mellow Dream na 1977, wanda mutum ukun nan dai suka yi, kuma a cikinsa kiɗan da Fukui ya tsara da kansa ya fi yawa. Akwai masu ganin ya fi Scenery nuna, kuma ina cikinsu. Sai My Favorite Tune, wanda aka ɗauka a 1994, fiyano ne shi kaɗai ba mai taya shi. A 1999 ya je Amurka ya yi Ryo Fukui in New York tare da Lisle Atkinson a kan bes da Leroy Williams a kan ganguna, dukkansu abokan aikin Barry Harris, kuma a nan za ka ji yadda shekaru 23 suka sassauta hannunsa suka kuma tsananta bibop a cikin kiɗansa. Na ƙarshe da ya yi da ransa shi ne A Letter from Slowboat, wanda aka ɗauka a 2015 a cikin gidan kiɗan nasa, tare da matasa biyu, Takumi Awaya a kan bes da Ittetsu Takemura a kan ganguna.

Idan faifan roba kake nema, bugun asali na 1976 ya yi ƙaranci kuma masu tarawa sun tsauwala masa kuɗi, amma kamfanin We Release Jazz na ƙasar Suwizalan ya sake buga Scenery da Mellow Dream a 2018 bisa izini, kuma ana samun su a manhajojin sauraron kiɗa. Idan ka gama da Fukui, ka nemi abin da kamfanin Three Blind Mice ya fitar. Takeshi Fujii ne ya kafa shi a 1970 domin makaɗan Japan, ya kuma yi suna wajen tsabtar ɗaukar sauti. Blow Up na Isao Suzuki mai bes, na 1973, da Midnight Sugar na Tsuyoshi Yamamoto, na 1974, su ne suka fi kusa da abin da kunnenka ya riga ya saba da shi, kuma na biyun ma haɗin fiyano da bes da ganguna ne.